Basfar Malam

Yau labarin wani tsohon babur na zo muku da shi, wanda ni da autata muka yi wata 11 muna gyara a tsakar gida a nan Dutse. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da babur?" To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke hukunci.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin makarantar firamare ne. Ya koyar a ƙauyukan ƙasar Dutse, su Kudai da Sakwaya, tun muna cikin Jihar Kano, kuma a kan keke yake zuwa aiki rani da damina. A 1974 kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya ba gwamnatin Janar Gowon shawarar a ƙara wa ma'aikata albashi. Aka kuwa ƙara, har aka biya su na watannin baya a dunƙule a 1975. Tsofaffi har yanzu suna ce wa wannan "kuɗin Udoji". Waɗansu suka ƙara aure, waɗansu suka sayi rediyo da agogo. Shi kuwa Malam sai ya hau mota zuwa Kano, ya komo bisa Vespa sabuwa ful, shuɗiya, irin wadda mutanenmu ke kira Basfa.

A kanta na girma. Malam yakan tsai da ni a gabansa, tsakanin gwiwoyinsa, in riƙe kanta da hannu biyu, babbar rigarsa tana kaɗawa a bayanmu. Ƙasarmu jigawa ce, tayoyin Basfa kuwa ƙanana ne, in ta faɗa rairayi sai ta yi ta rawa, Malam ya sauka yana turawa yana salati, ni kuwa ina ta dariya. Inna ta san kukanta cikin kukan babura goma. Tun yana nesa, da ta ji, sai ta tashi ta cika buta ta ajiye masa a bakin ƙofa, ta shiga kwasar tuwo.

Bari in ɗan gaya muku asalinta, domin ku san abin da ya sa malamai da 'yan kasuwa suka so ta. A ƙasar Italiya aka fara ƙera ta a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kamfanin Piaggio wanda dā jiragen sama yake yi. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne, kuma ba ya son baburan zamaninsa domin suna ɓata tufafi. Don haka ya yi ta ba sarƙa, ya manna injin a gefen tayar baya ya rufe, ya sa garkuwa a gaba tana tare ƙafa daga taɓo, ya bar tsakiya a buɗe yadda mutum zai zauna kamar bisa kujera. Kun ga mai babbar riga da mai zane duk sun sami abin hawa. Sunan kuwa, da Italiyanci ma'anarsa zanzaro, saboda siririn ƙugunta da irin kukanta.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, gari ya cika da motoci da sababbin babura. Ita kuwa Basfa ta fara gajiya, yau lafiya gobe ba lafiya, kayan gyara sun yi tsada, gwiwar Malam kuma ta soma ciwo. Wata rana ya tura ta ɗakin da ke jikin zaure, ya rufe da tsohuwar tabarma, ya ce in ya sami sarari zai gyara. Sarari bai samu ba. Ta yi kusan shekara 30 a nan. Kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinta, zanzaro kuwa ya gina ɗakunansa na laka a jikin takwararsa.

Allah ya yi wa Malam rasuwa a 2022. Da aka zo rabon gado, aka fito da kome tsakar gida ana yi masa kuɗi. 'Yan gwangwan suka zo suka ɗaga Basfa suka jijjiga, suka yi mata kuɗin nauyin ƙarfe. Yayana ya ce a sallama. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba, sai na ji na ce a sa ta cikin rabona. Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Ke kuwa me za ki yi da ita, ko tukwane za ki sa a narka miki?"

Dariyar ba ta dame ni ba kamar maganar Inna. Da dare ta kira ni ɗaki ta ce, "Ki bar ta ta tafi. Duk sa'ad da na gan ta sai zuciyata ta tashi." Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce zan kai ta gidana inda ba za ta riƙa gani ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Allah ya shirye ki." Maigida kuwa ya ce ba laifi, muddin dai ba za ta ci kuɗin cefane ba. A amalanke aka kawo ta, yara suna biye suna ihu.

Gaskiya ni niyyata in wanke ta in ajiye, in riƙa kallo. Auta ce ta sake mini shawara. A lokacin tana da shekara 15, tana ajin kimiyya a sakandare. Ta tsuguna ta leƙa injin ta ce, "Umma, malaminmu ya zana mana irin wannan a allo, amma ban taɓa ganinsa da ido ba. Don Allah mu buɗe." Na ce in mun buɗe wa zai mayar? Ta ce, "Mu."

Sai na tuna da tsohon makaniken da ke yi wa Malam gyara tun ina yarinya, wanda muke kira Baba. Na aika, ashe yana nan da ransa, ya haura shekara 70, hannunsa yana rawa, ya daɗe da barin sana'a. Maigida ya je ya gaishe shi, aka shirya zai riƙa zuwa kowace Asabar da hantsi. Ranar farko ya zauna bisa tabarma ya dube mu ya ce, "'Yata, hannuna ya mutu amma idona da kunnena suna nan. Ni zan faɗa, ku ku yi." Ya ba mu aron jakar kayan aikinsa, su sifana da filaya da sukudireba, duk sun yi santsi don tsufa.

Karatun farko bai wuce abin da kowace macen kirki ta sani ba, watau tsabta da tsari. Baba ya hana mu kwance ko noti ɗaya sai da muka yi kwana biyu muna wanki da kananzir da tsumma. Sa'an nan ya sa muka tara gwangwanayen madara. Duk abin da muka kwance daga wuri ɗaya, gwangwaninsa dabam, Auta ta rubuta suna a takarda ta jefa ciki, ta ɗauki hoto da waya kafin a cire da bayan an cire. Ni da nake ɗinki sai na ga ai haka nake yi in zan farke riga domin in ɗauki yankanta. Wadda ta saba buɗe keken ɗinki ta cire zaren da ya cushe ta ɗiga masa mai, to ta riga ta shiga ajin farko na wannan makaranta.

Baba ya ce inji da murhu 'yan gida ɗaya ne. Murhu yana son itace da iska da ashana, inji kuwa yana son fetur da iska da tartsatsin wuta, sai kuma a matse su wuri ɗaya a cikin tukunyarsa. In babur ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya ɓace, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Muka fara da fetur. Da muka buɗe tanki, wani wari ya buge mu, tsohon mai ya daskare ya zama kamar ƙaro, tsatsa kuwa ta ci ciki. Muka cire tankin, muka zuba tsakuwa da kananzir muka yi ta girgizawa da karɓa-karɓa har hannu ya gaji. Sauran tsatsar da ta ƙi fita, ni na kawo shawarar ruwan tsamiya mai kauri, gama da shi nake fid da tsatsar wuƙa da cokali. Baba ya yi murmushi ya ce a gwada. Ya kwana biyu a ciki, muka ɗauraye sarai, muka shanya a rana har ya bushe ƙarau, domin ko ɗigon ruwa ya rage tsatsa za ta komo. Daga nan sai kafireto, watau inda fetur ke gauraya da iska. Ramukansa sirara ne kamar kafar allura. Na ɗauko allura zan tsokale, Baba ya daka mini tsawa, ya ce ƙarfen allura zai faɗaɗa ramin, babur ya riƙa shan mai fiye da kima. Jiƙawa ake yi a hura da iska.

Babbar wahala a wurin fistin muka same ta, wato ƙarfen nan da ke kai da kawowa cikin tukunyar inji yana matse mai da iska. Shekarun zama sun sa ya manne ƙam. Baba ya sa muka cire fulogi muka ɗura baƙin mai da kananzir ta ramin, ya ce a bar shi ya sha. Kwana uku shiru. A na huɗu haƙurina ya ƙare, Baba ba ya nan, Auta tana makaranta, na kama sifana na danne wani noti da ƙarfin tsiya, sai ji na yi ƙas, ƙusar ta karye a ciki. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya. Ran Asabar Baba ya duba ya ce, "Sauri ya haifi nawa." Wannan gaggawa ta ci mana mako biyu da kuɗin mai walda. Fistin kuwa, a kwana na tara, da muka buɗe kan tukunyar muka ɗora masa guntun muciya muna ɗan ƙwanƙwasawa a hankali, sai ya motsa da kansa.

Kayan da suka mutu sarai dole a sayo: zobban fistin, robobin da ke tare mai, keburan birki da na giya da na kuloci, da tayoyi. A Dutse ba mu samu ba, sai Kano. Na tafi tare da babban ɗana, muka bi ta Kwanar Huguma da Wudil. Abin da ya taimake mu shi ne kamfanin Bajaj na Indiya, mai yin Boxer ɗin nan ta 'yan acaɓa, ya daɗe yana ƙera babur mai siffar Basfa, don haka waɗansu kayan Indiya suna shiga jikinta. Amma na sake yin wauta. Ban tafi da tsofaffin zobban ba, na dogara ga ido, aka ba ni waɗanda suka yi girma. Ni da ba na zuwa sayen zare sai da ƙyallen atamfar a hannu! Sai da ɗana ya sake komawa. Ki riƙe wannan, 'yar'uwa: kome za ki saya na gyara, tafi da tsohon.

Kuɗin kuwa daga ɗinkin salla da kwasar adashe suka fito, ban taɓa na cefane ba. Kowane kwabo na rubuta a littafi. Da na haɗa lissafi a ƙarshe, ya kai a sayi tumaki biyu. Ga shi tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur mai ya yi tsada, Basfa kuwa ta fi baburan yanzu shan mai da fid da hayaƙi. In don riba ce, ban ci riba ba, kada wata ta ce na ruɗe ta.

Ana cikin haka sai maganar mutane ta taso. Baƙin mai ba ya fita daga ƙarƙashin farce da wanki ɗaya. Muka je wani biki, wata 'yar'uwar maigida ta kama hannun Auta a gaban mata ta ce, "'Yan mata suna ƙunshin lalle, taku tana ƙunshin baƙin mai. Wa zai auri makanike?" Aka bushe da dariya. Auta ba ta ce kome ba sai da muka komo gida, ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo. Ni kaina a daren nan na yi shawarar in rufe Basfa da tabarma yadda Malam ya yi, gama ina tsoron in jawo wa yarinya baƙin jini saboda son zuciyata. Na gaya wa maigida. Ya ce a tambayi mai hannun. Da safe na tambaye ta, ta ce, "Umma, saura wuta kaɗai fa." Na ce to ɗauko sifana. Tun daga ranar dai muna shafa man gyaɗa a hannu kafin aiki, mu wanke da toka da sabulu bayan mun gama.

Na kuma gaya mata abin da na sani, domin ta san duniya da faɗi. A garin Nnewi na Jihar Anambra, inda babbar kasuwar kayan babura take, mata tsofaffi da 'yan mata suna tuƙa babur zuwa kasuwa, ba mai waiwayensu. Haka kuma a Wagadugu ta Burkina Faso. Kowane gari da al'adarsa, ban ce lalle mu zama su ba. Amma sanin yadda abu ke aiki bai taɓa zubar wa mace da mutunci ba.

Wutar Basfa irin ta Malam ba ta bukatar batir. Akwai wani faifai mai maganaɗisu a gefen inji, in ya juya shi ke haifar da wuta, waɗansu 'yan ƙarafa biyu kuma suna buɗewa suna rufewa su aika ta ga fulogi daidai lokacin da ake so. Auta ta goge bakinsu da samfefa mai laushi, ta jingina fulogi a jikin inji, na taka kik. Sai ga tartsatsi shuɗi, tas! Garin murna ta taɓa inda bai kamata ba, wuta ta fizge ta, ta yi tsalle ta yi ƙara, Baba yana dariya har da tari.

Saura awo, a nan kuwa mace ba ta da na biyu. Wannan irin inji ba shi da wurin ajiyar baƙin mai domin fistin, a cikin fetur ake gauraya masa, kashi 2 cikin 100. Watau kowace lita ɗaya ta fetur a sa mililita 20 na mai, kimanin cokalin shayi huɗu. Baba ya tambayi Auta, in lita 5 ce fa? Ta ce mililita 100. In an rage, fistin ya yi zafi ya manne. In an yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya toshe. Kamar kanwa ce a miya.

A nan zan ja kunnenku da abu biyu. Kada a kusanci murhu ko fitila da fetur, ko da ɗan kaɗan ne a gwangwani, gama tururinsa ma kama wuta yake yi. Mu sai an kashe wutar girki muke buɗe shi, kuma a can nesa da madafa. Na biyu, kada a ta da inji a cikin ɗaki ko zaure a rufe, domin hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya farga ba.

Ranar tayarwa muka fito da ita fili, an yi mata sabon fenti shuɗi irin na dā. Auta ta taka kik sau goma, shiru. Na karɓa na taka har na yi gumi, shiru. Gabana ya faɗi. Baba ya ce, "Kun buɗe mata famfon mai kuwa?" Ashe a rufe yake! Auta ta murɗa, ta taka sau uku, a na huɗu sai Basfa ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama kuka. Hayaƙi ya cika gida, kaji suka watse, yaran unguwa suka cika ƙofa. Baba ya karkata kunne ya saurara, ya sa aka ɗan juya wani sukuru, kukan ya daidaita. Sa'an nan ya share ido da hularsa.

Maigida ya sabunta takardunta aka ba ta sabuwar lamba, tsohuwar lambar Jihar Kano kuwa na rataye a ɗakina. Muka sayi hular kwano biyu, gama tun Janairu 2009 aka tilasta sa ta, kuma kai ba shi da kayan gyara a kasuwa. Amma zuciyata ba ta kwanta ba saboda Inna. Wata 11 ban taɓa yi mata zancen ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Wata Juma'a da la'asar na yi ƙarfin hali, maigida ya ɗauke ni a baya muka nufi gidanmu. Ina tafe ina addu'a kada in tayar mata da miki. Muka tsaya a ƙofa, kafin in sauka sai ga Inna a bakin zaure, da buta cike da ruwa a hannunta. Matar Yaya ta gaya mini daga baya, wai suna zaune suna tsinke zogale, da Inna ta ji kukan daga nesa sai ta miƙe ta nufi randa, ba ta san ta tashi ba. Ta tsaya ta dube mu, ta dubi butar, hawaye suka zubo. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarta mini." Ba ta amsa ba. Ta matso ta dafa sirdin, ta daɗe, sa'an nan ta ce, "Muryarta ba ta sake ba." Can kuma sai ta ɗaure fuska ta ce, "Malam bai taɓa barin madubinsa da ƙura haka ba," ta kama gefen mayafinta ta goge. Ta tambaya wa ya gyara. Na ce jikarki. Ta ce a turo mata ita gobe. Da Auta ta je, Inna ta buɗe adaka ta ba ta ɗan littafin Basfar da Malam ya zo da shi daga Kano, yana naɗe cikin ƙyalle tun 1975.

Yanzu maigida ke hawanta zuwa masallacin Juma'a da kasuwar Shuwarin, dattawa suna tare shi a hanya suna tambaya ko ta sayarwa ce. Ni ban koyi tuƙi ba, ban kuwa sa rai ba, bayan ma ya ishe ni. Auta tana jiran ta cika shekara 18 ta nemi lasin, kuma ta ce injiniya take so ta karanta. Da can sai an yi tafiya mai nisa, amma tun 2011 ga jami'ar tarayya a nan Dutse, ga waɗansu manyan makarantu a jihar. Baba ya bar mata jakar kayan aikinsa, ya ce 'ya'yansa ba wanda ya nema.

To 'yan'uwa, ban ce kowa ta je ta nemo babur ba. Amma ki duba ɗakin ajiyarki. Wataƙila akwai keken ɗinkin uwarki, ko injin taliya, ko na markaɗe, an jingine don ƙaramin abu ya lalace. Kafin ki kira 'yan gwangwan, nemi tsohon da ya san shi tun yana da rai, ki zauna ke da 'ya'yanki mata da maza ku buɗe ku gani. Ku kuma 'yan makaranta, abin da malami ya zana muku a allo, ku neme shi a gida ku taɓa da hannu. Wadda ta gwada, ta rubuto wa wannan fili ta ba mu labari, ko ta ci nasara ko ta karya ƙusa irina.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya yi wa 'ya'yanmu albarka.